Ƙuri'a Ba Ta San Ɗan'uwa Ba

Da sunan Allah nake farawa, sannan ina gaishe ku masu bibiyata, har da ke baiwar Allahn da kika rubuto mini cewa taurin kai ne ya sa na yi wasa da auren manaja. Na gani, kuma ban ji haushi ba. Taurin kan ina da shi, gado na yi, amma ki gyara zama ki ji yadda aka yi kafin ki yanke mini hukunci. Wanda yau ya fara leƙowa kuma, ni ce Asabe Isyaku, haifaffiyar Sharaɗa. Abin da zan ba ku a 1985 ya faru, ina ajin ƙarshe a jami'a, ina karanta ilimin gudanar da mulki.

Ku 'yan zamanin waya ba ku san daɗin soyayya ba. Mu a lokacinmu idan saurayi ya isa, a rediyo ake jin sa. Ranar Lahadi da hantsi ina tsakar gida ina wanki, sai mai gabatar da shirin gaishe-gaishe ya ce, "Muntari na Challawa yana gaida Asabe ta Sharaɗa, ya ce a gaya mata karatu ya yi daɗi." Duk unguwa ta ji. Inna ta yi kamar ba ta ji ba, amma ranar miyarta har da ƙarin man shanu.

Muntari shi ne manajan ma'aikata a wani kamfanin jimar fata a Challawa. Dogo, mai sanyin murya, kullum cikin shadda mai sitaci da hula zanna, ga farar motarsa Fijo da idan ta tsaya a ƙofar gidanmu maƙwabta sai sun sami abin ɗauka a waje. Ku rubuta ku ajiye: ba wanda ya haɗa ni da shi. Ni na gan shi na ce ina so, kuma ina son sa har raina. Agogon da ya saya mini, mai siririyar sarƙa ruwan zinare, ko wanka zan shiga sai na yi kamar kada na cire.

Akwai kuma wani abu da ya ɗaure gidanmu da shi. Tun da aka karɓe gonar Baba aka yanka filayen kamfanoni, yayana Gwadabe ya daɗe yana gantali, sai Muntari ya sa baki aka ɗauke shi aiki a sashen jiƙa fata. A waɗancan shekarun kamfanoni korar mutane suke yi, ba ɗauka ba. Daga albashin Yaya Gwadabe ake sayen hatsin gidanmu. Saboda haka a wurin Inna, bayan Allah da Ma'aiki, sai Muntari.

To, kowane ɗalibin ajin ƙarshe sai ya yi bincike ya rubuta kundi. Ni na zaɓi dokar gwamnati da ta ce kamfani ya bai wa ma'aikaci kayan kariya, kuma idan ya ji ciwo a bakin aiki a kula da shi. Tambayata ɗaya ce: dokar nan tana aiki, ko a takarda kawai take? Da na gaya wa Muntari sai ya yi dariya.

"Wannan ai a gida ne. Ki zo ofis kawai, komai zan shirya miki."

Ya kuwa shirya. Na sha atamfa shuɗiya da mayafi ruwan madara, na tafi ina ƙamshi. Na tarar da fanka tana juyawa, ga lemo mai sanyi, ga ma'aikata a jere a kan benci, kowa sanye da sabuwar safar hannu har gwiwar hannu. Muntari yana gefe a kujerarsa wai yana duba fayil. Ɗaya bayan ɗaya nake kira.

"Malam, yaya aiki?"

"Da godiya, Hajiya."

"Akwai wata matsala?"

"Babu, sai alheri."

Ina rubutawa ina murna. Kafin azahar na gama, na ce a raina ashe bincike ba wuya, malamai ne ke tsorata mu.

Malamin da ke duba aikina sunansa Dakta Ashafa, wani ɗan tsamurmurin mutum mai gilashi, wanda ba ya ɗaga murya amma maganarsa ta fi bulala. Ya karanta shafi biyu ya ture.

"Wa ya zaɓo miki mutanen nan?"

"Manaja."

"A ina kuka zauna?"

"A ofishinsa."

"Shi yana ina?"

"Yana gefe a kujerarsa."

"Asabe, ke ba Bahaushiya ba ce? Je ki asibiti ki sami wanda aka yanke wa ƙafa jiya ki ce masa ya jiki. Me zai ce?"

"Da sauƙi."

"To shi kika rubuto mini. Gaisuwa kika yi, ba bincike ba. Mutanenmu ba sa kai ƙara wurin baƙo, balle a gaban mai ba su abinci. Wanda ya zaɓa miki waɗanda za ki tambaya, shi ya rubuta miki amsar."

Wallahi na ji haushi, har kunnuwana suka yi zafi. Ya bar ni na huce sannan ya ci gaba. Ya ce mai miya ba ta shanye tukunya kafin ta san gishiri, cokali ɗaya ya ishe ta, amma sai ta juya tukunyar tukuna, in ba haka ba man saman kawai za ta ɗanɗana. Ya ce in bar ƙuri'a ta zaɓa, yadda kowa a kamfanin zai iya fitowa, kuma wanda ya fito ya fito, ba musaya. Ya ce in daina tambayar mutum yadda yake ji, in tambaye shi abin da ya faru: yaushe rabon da a ba shi safa, da ya ji ciwo wa ya kai shi asibiti. Har na kai ƙofa ya kira ni.

"Na ƙarshe ya fi duka nauyi. Duk wanda ya buɗe miki baki, abincin 'ya'yansa ya damƙa miki. Sunansa ba ya fita daga bakinki, ko ni na tambaye ki."

A bakin get ɗin kamfanin akwai allo da kowane ma'aikaci yake rataye 'yar lambarsa ta ƙarfe idan ya shigo. Na je na kwafe lambobin. Na bi masu tireda na tattaro murafun kwalba cike da leda, na rubuta lamba a cikin kowane, na ari babbar ƙwaryar Inna na zuba, na lulluɓe da ɗankwali. Ina zaune a ɗaki ina girgizawa ido rufe sai ga Inna.

"Innalillahi! Asabe, duba kika fara yi? Karatun ne ya kai ki nan?"

"Inna, ilimi ne."

"Ilimin da ake yi da ƙwarya a rufe da ido? To ki wanke mini ita in kin gama."

Na riƙa zura hannu ina zaro ɗaya-ɗaya ina jerawa a kan tabarma. Can wajen ƙarshe na zaro wani murfi na juya. Lambar Yaya Gwadabe ce. Na san ta, don ita ya rubuta da fenti a jikin kwanon abincinsa. Jama'a, ba kowa a ɗakin. Da na mayar na zaro wani, daga ni sai Allah. Hannuna har ya kai bakin ƙwarya, sai na ji muryar mutumin nan mai gilashi a kunnena, wanda ya fito ya fito. Na ja tsaki na ajiye shi a layi.

Budurwa ba za ta tare maza a hanya tana yi musu tambaya ba, sai a ce ta haukace. Don haka ta wurin mata na bi. Idan na gane mai lamba a lokacin canjin aiki, sai in nemi gidansa in yi sallama wurin matarsa, a Panshekara, a Challawa, har ƙauyukan bayan kogi. Sai an sha ruwa an yi hira, sannan maigida ya shigo. Kowa da rantsuwa nake fara masa: sunanka ba zai shiga takarda ba, kuma ba zai fita daga bakina ba. Wasu duk da haka "da godiya" suka ce, na rubuta yadda suka faɗa, don wannan ma amsa ce. Wasu kuwa sai matar ta gaji ta ce, "Haba malam, gaya mata mana, ni da nake wanke maka kayan."

Yaya Gwadabe na bari a ƙarshe. Ɗaki ɗaya suke haya a Panshekara shi da matarsa Rakiya. Na same shi a kan tabarma sanye da riga mai dogon hannu, ana wannan zafin na bazara.

"Ke yanzu ni za ki yi wa tambaya? Je ki tambayi mijinki."

"Yaya, ba ni na zaɓe ka ba, ƙuri'a ce."

"To aiki da godiya. Rubuta."

Rakiya tana bakin ƙofa tana tsince shinkafa. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Nuna mata."

"Rakiya!"

"In ba ka nuna mata ba ni zan faɗa. Na gaji da ɗaure maka tsumma."

Sai ya naɗe hannun rigar. Ban san lokacin da biro ya faɗi daga hannuna ba. Daga yatsunsa har gwiwar hannu fatar ta ɗaɗɗaye, ga wasu ƙananan ramuka masu zurfi da ba sa warkewa, tafin ya tsattsage yana ruwa. Ruwan sinadarin da suke jiƙa fata ne ya cinye shi. Nan take na gane dalilin da ya sa watanni ke nan duk Juma'ar da ya zo gida hannunsa na cikin babbar riga, kuma idan Baba ya ce ya matso su ci abinci sai ya ce a ƙoshe yake.

"Safar hannun fa?" na tambaya.

"Ranar da baƙi za su zo ake raba sababbi. Da yamma a karɓe a mayar sito. Ranar da kika zo ma haka aka yi."

"Asibiti fa?"

"Wanda ya nemi takardar asibiti, sunansa ne farko idan an tashi rage mutane. Kowa ya sani." Ya sauke hannun rigar. "Asabe, ki rantse. Kada Baba ya ji, kada Muntari ya ji. In na rasa aikin nan, me za a ci a gida?"

Na rantse masa kamar yadda na rantse wa kowa. A hanyar komawa na sauka a gadar Challawa na juye ledar murafun nan a ruwa. Ban taɓa rubuta sunan kowa ba, daga ranar kuwa ko lamba ba ta rage ba. Duk abin da ya saura yana cikin kaina.

Na rubuta kundina yadda na gani. Waɗanda suka ce lafiya na ce sun ce lafiya, waɗanda suka nuna mini hannu na faɗi abin da idona ya gani. Dakta Ashafa ya karanta bai ture ba, wannan a wurinsa yabo ne. A ƙa'ida kuma ana aika kwafi ofishin ƙwadago, inda galibi ƙura ce ke karantawa. Nawa dai Allah ya sa wani ya buɗe. Wata Talata sifetoci suka dira a kamfanin ba sanarwa, suka wuce ofis kai tsaye zuwa sashen jiƙa fata, suka tarar da mutane hannu tsirara cikin ruwa.

Ranar Lahadin nan ba a gaishe ni a rediyo ba. Bayan la'asar sai ga Fijo. Na saka leshina mai ruwan goro, na shafa turare, na ɗaura agogo, na fita zaure da tabarma da ruwa. Muntari bai sha ba. Ya rame a kwana biyu, idonsa ya yi ja, sai na ji tausayinsa ya kama ni.

"Asabe, kin san abin da kika jawo mini?"

"Na rubuta abin da na gani."

"Na shirya miki mutane, me ya kai ki gidajensu?"

"Waɗanda ka shirya ai gaishe ni suka yi."

Ya shafa fuska. "Masu kamfani sun ce in kawo musu waɗanda suka yi magana kafin ƙarshen wata. In ban kawo ba, sashen gaba ɗaya za a sallama a ɗauki sababbi. Ni ma kujerata rawa take. Ki ba ni sunayen a wuce wurin."

"A yi musu me?"

Ya kau da kai.

"Muntari, ka san ana karɓe safar nan da yamma?"

"Ba ni na kafa tsarin ba. Haka na tarar."

"Amma ka sani."

Ya matso kaɗan ya rage murya, irin muryar nan da take narkar da ni. "Saurara. Ni ba yaro ba ne. Sifetocin sun zo da kundin, na karanta. Mutumin da kika ce gonar ubansa ce ta zama kamfani, na san ko wane ne. Ki bar shi. Gwadabe ɗan'uwana ne, ko sunansa ba sai kin ambata ba, gobe ma in mayar da shi sito inda ba ruwa. Sauran kawai za ki ba ni. Ba ki san su ba, ba su san ki ba."

Ga gaskiya, masu karatu: zuciyata ta karkata. Na hango Yaya Gwadabe a sito da busasshen hannu. Na hango ɗakina na aure a unguwar Bompai da labule da firij. Kuma na ga kuskurena, don maganar gonar nan da ban saka ta ba, da ko zato bai yi ba. Amma sai na tuna wata tsohuwa a bayan kogi da ta dama mini fura ta ce wa ɗanta, "Faɗa mata, yarinyar nan ba za ta ci amanarka ba."

"Zato kake yi," na ce masa. "Ban ce yana ciki ba, ban ce ba ya ciki ba. Ƙuri'a ba ta san ɗan'uwa ba lokacin da take zaɓa, ni ma rantsuwata ba ta san shi ba. Iri ɗaya na yi wa kowa."

"Ko don ni?"

"Kai ne ya kamata ka je ka ce musu a saya wa mutane safa. Ta fi korar sashe araha."

Ya miƙe yana karkaɗe riga. "Boko ya yi miki yawa, Asabe. Zan yi magana da Baba."

"A sauka lafiya," na ce, na naɗe tabarmata. Sai da na shiga ɗaki na rufe ƙofa sannan na yi kukana, don ba zan yi shi a gabansa ba.

Kwanakin da suka biyo baya gidanmu ya zama kotu. Inna ta ja ni ɗakinta, inda ta jibge kayan aurena tun ina sakandare: kwalla da langa jere har kusa da rufi, tasoshi masu fure, zannuwan gado a cikin leda.

"Dubi nan. Dubi! Shekara nawa ina tarawa? Lefe saura kaɗan a kawo, ke kuma kin tsaya kare wasu ƙartin da ko biki ba za su zo miki ba."

"Inna, amana ce."

"Amanar yayanki fa? In aka kori sashen nan har da Gwadabe. Ki faɗi masu dogon bakin a kore su, ɗana ya tsira. Shi ai ba ruwansa, bai iya surutu ba."

Na cije leɓe har sai da na ji gishirin jini. Kalma ɗaya ce za ta rufe bakin Inna, ita ce kuma wadda na rantse ba zan faɗa ba.

"Wallahi Asabe, in auren nan ya lalace a kan taurin kanki, ba ni ba ke."

"Allah ya huci zuciyarki, Inna. Amma ba zan faɗa ba."

"Ubanki kika biyo," ta ce, ta juya mini baya.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Baba ya tara mu a zaure. Abin da ba a saba ba, har Muntari ya sa aka kira, ya zauna can bakin ƙofa kai a sunkuye. Yaya Gwadabe yana gefe cikin babbar rigarsa ta Juma'a, hannuwa a ciki kamar kullum. Inna tana bayan labule, amma numfashinta ma ana ji. Ni na durƙusa a gaban Baba. Mahaifina, Malam Isyaku, mutum ne da bai cika magana ba, kuma tun da nake ban taɓa ce masa a'a ba.

"Asabe, na ji komai. Yaron nan ya yi mana halacci. Ya rufa mana asiri lokacin da ba mu da gona ba mu da sana'a. Ba a rama alheri da tsiya. Faɗa masa abin da yake nema."

"Baba, ku gafarce ni. Na yi musu rantsuwa."

"Sai ki yi kaffara."

"Azumina ba zai ciyar da 'ya'yansu ba, Baba."

Inna ta yi salati daga bayan labule. Baba ya ɗago ya dube ni, irin kallon da tun ina yarinya yake sa ni fitsari a wando. Amma ban sauke kai ba.

Muntari ya yi gyaran murya. "Baba, ni ba na son abin ya kai haka. Amma matar da za ta fifita bare a kaina tun kafin ta shigo, ban san yadda zaman zai kasance ba."

To, nan ne fa jinin gadon ya motsa. Na kwance agogon nan, sarƙar ta maƙale, na fizge na ajiye a kan tabarma a gaban Baba.

"In sunayen mutane ne sadakina, Baba, a mayar masa da kayansa. Ina son sa, Allah ya sani. Amma bakina ba zai kori kowa daga aiki ba."

Baba ya girgiza kai a hankali, ransa a ɓace.

"Gwadabe. Kai ne babba. Ɗauki agogon nan ka miƙa wa Muntari ya riƙe tukuna, ka ba shi haƙuri a madadinmu. Yarinyar nan zan san yadda zan yi da ita."

Yaya Gwadabe bai motsa ba. Na dube shi ina girgiza masa kai kaɗan, ina roƙonsa da ido ya yi zamansa. Ni na ɗauki rantsuwa, ni zan ɗauki dukan. Ya daɗe yana kallona, irin kallon da yake mini muna yara idan na tare masa faɗa. Sai ya fito da hannuwansa daga cikin riga. Bai yi sauri ba. Ya naɗe hannun dama har gwiwa, ya naɗe na hagu, ya warware tsumman da Rakiya ta ɗaura masa ya ajiye a gefe. Sannan ya ɗauki agogon, ya ɗora a kan tafukan nan biyu, ya rarrafa ya miƙa wa Muntari ta gaban Baba.

"Ranka ya daɗe, a yi haƙuri."

Muntari bai karɓa ba. Ya kau da kai yana kallon bango. Labule ya yaye, Inna ta faɗo zauren ba mayafi, ta kai hannu za ta taɓa ta kasa.

Baba ya sunkuya sosai, don idonsa ya fara rauni. Ya daɗe yana duba hannun ɗansa, ciki da baya.

"Gwadabe, wannan mene ne?"

"Aiki ne, Baba," in ji shi. "Da godiya."

Na taɓa ganin Baba a ranar da aka auna gonarsa, bai yi hawaye ba. Yau sai ga shi yana share ido da bakin rawani. Muntari ya yunƙura yana laluben takalmi.

"Baba, bari in je, ana jirana a..."

"Zauna," in ji Baba, ko kallonsa bai yi ba. Ya juyo gare ni. "Asabe, tashi ki ɗauko littafin nan naki. Ki karanta mini shi da Hausa tun daga farko, a gabansa. Kada ki tsallake komai, kuma kada ki faɗi sunan kowa."